Sarƙa Ta Zube a Ƙofar Ishaƙ

Ni Rakiyya ina da yayye biyu a Ɗanzomo, kuma akwai shekarun da in aka ce in musanya su duka biyun da tunkiya ɗaya mai hankali, da gudu zan kawo igiya. Ubanninmu uku 'yan'uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a gida ɗaya muka tashi. Yaya Ishaƙ ɗan wannan ne, Yaya Sha'aibu ɗan wancan, ni kuma 'yar ƙaraminsu.

Rana ɗaya aka haife su, da hantsi, ɗaki na kallon ɗaki. Ungozomar garin a lokacin, Iya Ummukulsum, ita kaɗai ke safa da marwa tsakanin ɗakunan biyu, kuma har ta koma ga Allah maganarta ba ta canza ba. Ta ce Ishaƙ ne ya fara faɗowa, amma ya yi shiru kamar bai yarda da duniyar ba, sai da aka yayyafa masa ruwa. Kafin ya buɗe baki, Sha'aibu ya iso da ihunsa har ana ji a zaure. Wato ɗaya ya riga zuwa, ɗaya ya riga sanarwa. Ranar suna ma ba a samu mafita ba. Sunan Ishaƙ aka fara raɗawa, amma ragonsa ya tsinke igiya ya faɗa gonar gero, sai aka fara yanka na Sha'aibu.

Wannan bai taɓa damun kowa ba. Tare suka yi kiwo, tare suka sha duka, a akushi ɗaya suke cin tuwo. Sai da baffanmu na ƙarshe ya rasu, aka zo maganar wa zai zama babban gida, wanda za a zo wa neman auren 'ya'yanmu, wanda za a fara miƙa wa goro a taro. Nan kowa ya tuna cewa shi ne babba.

A garinmu ƙarami ne ke fara gaisuwa, kuma ba a tsaye ba. Zai sauka daga abin hawansa, ya rage tsawo, ya ce ina kwana. To tun daga ranar babu wanda ya ƙara ce wa wani ina kwana. Abin haushin ma ba faɗa suka yi ba, kowa jira kawai yake a gaishe shi. Sallama kam suna yi don tsoron Allah, amma sai in akwai mutum na uku a wurin, don kowa ya ce wancan ya yi wa. Yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure sun haihu, yayyena suna nan suna jira.

Ni nake shan wahalar, don gidana na kallon ƙofar Yaya Ishaƙ, kuma a bakin zaurena nake suyar ƙosai kullum da safe. Shi Ishaƙ tsohon dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Kullum yana kan tabarma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofarsa yana tufkar igiya, ga murya, in ya yi atishawa kaji na watsewa. Shi kuma Sha'aibu yana da shagon awon riɗi da wake a bakin kasuwa, kuma hanya ɗaya ce tak daga gidansa zuwa can, ta ƙofar Ishaƙ. Da yana da babur abin da sauƙi. Sai ya wuce fuu, kai a miƙe, ko ham ba ya dannawa, wai ham ma gaisuwa ce.

Sai likita a Gumel ya ce masa yana da ciwon sukari, ya ajiye babur ya riƙa motsa jiki. Ɗansa Saifuddeen da ke aiki a Kaduna ya aiko masa da keke. Ranar da aka sauke shi daga mota rabin unguwa ya fito kallo. Saifuddeen ya ce a waya wai keken hawa dutse ne. Mu kuwa a ƙasarmu in ka ga dutse to na niƙa ne, shi ma daga wani gari aka ɗauko shi. Tayoyi kamar na amalanke, ba kariya, ba madigadi, ba murfin sarƙa, tsirara dai kamar an fige kaza. A ƙafar baya faranti masu haƙora sun jeru tuli, ƙarami kan babba, a gaba kuma wajen feda guda ɗaya ne tal.

Yaya Sha'aibu ya kai shi wurin Siddiq maƙeri don a sa masa kariya, tunda dattijo ba ya yawo da buhu a ka. Yana tsaye yana jira idonsa ya faɗa kan farantin gaban nan. Mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana share bakin mudu da tafin hannu, ba ya iya ganin abu biyu ba daidai ba ya yi barci, in ban da shi da ɗan'uwansa.

Ya ce, "Siddiq, zo ka gani. An cuci yaron nan."

Siddiq ya leƙa. Haƙoran farantin kuwa, ɗaya kakkaura, na kusa da shi siriri, ɗaya kakkaura, ɗaya siriri, haka har zagaye.

"Wallahi Baba ni ma ban taɓa ganin irinsa ba. Ko dai haka suke yinsa?"

"Haka suke yinsa? Kai in za ka ƙera zarto, haƙori ɗaya kake yi ƙato ɗaya siriri? Sun ga yaro mai kunya sun tura masa wanda inji ya lalata. Ɗauko magagari."

Siddiq ya wuni yana goga. Kafin la'asar kowane haƙori ya zama daidai da ɗan'uwansa, duk sirara, suna ƙyalli. Yaya Sha'aibu ya shafa su da yatsa ya ce yanzu ne aka yi adalci.

A daidai ƙofar Ishaƙ akwai wani tudu da ya ratsa hanya, shi da kansa ya sa aka tara shi bayan wani ɗan acaɓa ya karya masa akuya. Washegari da safe ina juya ƙosai sai ga Yaya Sha'aibu ya taho a kan kekensa, babbar riga ta cika da iska, hula a gaban goshi, kai a miƙe kamar yadda ya saba. Ƙafar gaba ta hau tudun lafiya. Ta baya na dira sai na ji ƙarar ƙarfe, ƙafafunsa suka shiga juyawa a iska, keken ya tafi a hankali ya tsaya cak a gaban tabarmar Ishaƙ. Sarƙa ta zube.

To me mutum zai yi? Ya sauka. Ya tattare riga. Ya tsuguna.

Yaya Ishaƙ ya ajiye igiyar da yake tufka, ya gyara hula, ya gyara murya, ya buɗe ta duka kamar yana cinikin bijimi.

"Lafiya lau, Sha'aibu! Lafiya ƙalau! Ina gajiya? Yaya mutanen gidan? Madalla, madalla. Allah ya yi maka albarka!"

Na ga kunnen Yaya Sha'aibu yana rawa. Bai ɗaga kai ba, ya dubi sarƙar da ke hannunsa ya ce, "Ke sarƙa, ki zama shaida da ke nake."

Sarƙa ba ta ba da shaida ba. Kafin azahar labari ya kai har bayan gari, mutane suka riƙa zuwa shagonsa suna yi masa hannu, suna cewa Allah ya saka da alheri, ka kashe tsohuwar wuta. Ya yi ta rantsuwa cewa keke ne ya lalace, su kuma suna cewa ai haka masu tawali'u suke, ba sa son a yabe su.

Gobe ma ta zube. Jibi ma haka. A cikin yashi ba ta fita, a kan burji ba ta fita, sai a kan tudun nan kaɗai. Na ce masa ya zagaya ta bayan gari, ya ce babba ba ya canza hanya saboda ƙarami. Sai ya shiga neman yadda zai mayar da sarƙa ba tare da ya tsuguna ba. Ya gwada a tsaye ya sunkuyo, aka ce ya rusuna. Ya zauna dirshan a ƙasa, aka ce ladabin ya ƙara gaba. Ya ɗauro kujera 'yar tsuguno a kariya, aka ce yanzu har hira yake zuwa wurin yayansa. Ya sauka tun daga nesa ya turo keken, wani tsoho ya ce irin wannan tarbiyya rabonsa da ganinta tun yana yaro. Ranar da abin ya ishe shi ya ɗaga keken ya rataye a reshen darbejiya don ya gyara kai sama, reshen ya ɓalle, suka zubo tare, ya dira a kan gwiwoyinsa biyu a gefen tabarma. Ishaƙ ya ce, "Haba, ai tsugunon ma ya isa, kada ka ji wa kanka ciwo."

Daga nan sai ya koma kan keken. Wani mai gyara a Sule Tankarkar ya ce sarƙar ce ta yi tsawo, ya rage ta, ya ƙara ragewa, har ta yi tauri kamar tsirkiya, ta tsinke a hanyar dawowa, aka ɗinke ta da guntuwar sarƙar wani tsohon keke. Wani a Gagarawa Tasha ya ce ƙishirwa ke damunta, a shafa mata man shanu. Aka shafa, yashi ya manne, tururuwa suka tare a ciki, karnukan unguwa suka riƙa raka shi har shago. Siddiq ya ƙera mata murfi da gwangwanin tumatir, keken ya koma ƙara kamar injin markaɗe, amfanin da ya yi kawai shi ne Ishaƙ yana jiyo shi tun daga nesa ya gyara zama. Sarƙar kuma ta ci gaba da zubewa a cikin gwangwanin, sai an kwance wayar da aka ɗaure shi da ita kafin a kai gare ta, tsugunon ya ƙara tsawo.

Har wurin Malam Abdulmuhaimin ya je, mai makarantar allo a bakin gari, ya tambaye shi ko tsugunon da ba a yi niyyarsa ba yana zama gaisuwa. Malam ya ce a'a, aiki da niyya yake tafiya. Yaya Sha'aibu ya yi murna ya ce to Malam ya faɗa a masallaci. Malam ya ce, "Alhaji, Allah yana ganin niyya, amma mutanen Ɗanzomo gwiwa suke gani. Ni da za ka ji shawarata, tunda ka riga ka tsuguna, da ka ƙarasa ladan." Bai ƙara komawa ba.

Amma akwai abin da ni kaɗai nake lura da shi daga bakin kaskona. Ishaƙ in ya gama amsa gaisuwar da ba a yi masa ba, ba ya yin shiru. Sai ya ci gaba.

"Na ji an ce sukarin ya sake hawa. Ka rage shan shayin nan, ka ji ko?"

Yaya Sha'aibu, kansa a ƙasa, hannu baƙi ƙirin, sai ya ce, "Ke sarƙa, mai damuwa da sukarin wani ya fara duba gwiwarsa tukuna. Akwai wani man zafi a Gumel, amma ina, wasu taurin kai ba zai bar su su saya ba."

Da safe kwalbar man zafi ta faɗo daga kariya a daidai tudun, kuma mai keken bai lura ba, ko da yake sai da ya waiwaya ya tabbatar ta faɗi a kan tabarma.

Wata rana Ishaƙ ya ɗauko labarin jakin gidanmu da ya ɓace musu a Gagarawa suna samari, suka dawo a ƙasa, kowa da buhu a ka. Ya ce Sha'aibu ne ya yi ɗaurin banza. Yaya Sha'aibu ya ce wa sarƙa ƙarya ne, wani ne ya kwance jakin don ya burge 'yar mai fura da sukuwa. Ishaƙ ya fashe da dariya har da tari. Shi kuma Sha'aibu ya kifa kai a kan taya, kafaɗunsa na girgiza. Rabon da in ji dariyar su biyun a wuri ɗaya tun ina amarya. Sarƙar da ake mayarwa cikin ƙiftawar ido ta koma cin lokaci har ƙosaina ya ƙare. Na kuma sha ganin Ishaƙ bayan sallar asuba, yana jan ƙafa da fartanya a hannu, yana ƙara wa tudun ƙasa. Ban faɗa wa kowa ba.

Da an bar su haka da sun ƙarasa rayuwarsu suna hira ta bakin sarƙa, kowa da girmansa a aljihu. Sai aka yi sunan jikar wani ƙaninmu. An gama addu'a, mai rabon goro ya ɗauko faranti ya nufi Ishaƙ kai tsaye ya ce, "Babban gida, bisimilla." Da can in aka zo nan sai an yi dabara, a samu faranti biyu da mutum biyu su miƙa lokaci ɗaya. Ranar babu wanda ya ko waiwayi Sha'aibu, don a wurin kowa magana ta riga ta ƙare. Aka miƙo masa nasa daga baya, cikin na sauran jama'a. Bai karɓa ba. Ya tashi ya sa takalmi, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa.

Ranar Alhamis ya ɗora keken a kan rufin mota sai kasuwar Maigatari. Ni ma ina cikin motar, zan je duba 'yata Naja'atu da ke aure a can, kuma tunda ina son ganin ƙarshen haukan na bi shi har layin 'yan gwanjo. Aka nuna mana rumfar wani Badamagare mai suna Yazid, wanda ke kawo kayan kekuna ta iyaka. Yana ganin farantin ya riƙe baki.

"Subhanallahi. Alhaji, wa ya yi wa wannan aski?"

"Ni na sa. Da aibinsa ya zo, haƙoran ba daidai ba."

Yazid ya yi dariya har sai da ya dafa buhu. Ya ɗauko sabuwar sarƙa ya miƙe ta a gaban idon Yaya. "Duba ramukanta, Alhaji. Wannan mai faɗi, wannan matsattse, mai faɗi, matsattse. Haƙori kakkaura ramin mai faɗi yake shiga, siriri ya shiga matsattsen, sai su riƙe ta gam. Keken da ke da faranti ɗaya a gaba ba shi da wani abin da ke tare ta sai wannan. Ku kuma kun rame su duka, sai ta yi ta rawa kamar zobe a yatsan mara lafiya."

Ya nuna masa wani ɗan makunni a jikin abin canza giya na baya, ya ce wannan in aka tura shi sama yana hana sarƙa tsalle a kan gargada, tun da aka kawo keken kuma a kashe yake. Ya ce akwai ma wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a saman farantin, ya rufe sarƙar kamar baki, amma wannan sai masu faɗowa daga kan tsauni.

"Sa mini duka," in ji Yaya Sha'aibu. "Sabon faranti, sabuwar sarƙa, da bakin. In da kwaɗo ma a sa."

Yazid na ɗaurawa, Yaya ya tsura wa sabon farantin ido, yana bin haƙoran da yatsa. Can ya ce, "To a cikinsu wane ne na farko, kakkauran ko siririn?"

"Alhaji, ai abu ne zagayayye. In ka juya feda kowa sai ya zo gaba."

Amsar ba ta yi wa Yaya daɗi ba, ya ce masa ya ji da aikinsa.

Da safe na fito da kaskona da wuri. Ishaƙ ya shimfiɗa tabarma, ya gyara hula. Ga Sha'aibu nan tafe, ba ƙarar gwangwani, ba karnuka, shiru kamar maciji. Ya hau tudun, ya dira, feda ta ci gaba da juyawa. Ishaƙ har ya buɗe baki ya ce "Lafiya l…" sai ya ga bayan riga. Yaya Sha'aibu bai tsaya nan ba, sai da ya juyo ya sake hawa tudun ya sake dawowa, don kowa ya gani da kyau. Ranar ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce duk wanda ya yi masa hannu a kan gaisuwa ya zo ya karɓi hannunsa.

Ishaƙ kuwa ya koma ga fartanyarsa. Kullum da asuba sai tudun ya ƙara tsawo. 'Yan acaɓa suka fara sauke fasinja su tura. Amalanken wani Bafulatani ya maƙale a kai, shanun na gefe ɗaya kaya na ɗaya gefen. Yara suka mayar da shi wurin sulu, wata akuya ta haihu a samansa. A ƙarshe dai Ɗanzomo ta samu dutse, keken kuma ya nuna abin da aka ƙera shi dominsa. Yaya Sha'aibu, da furfurarsa da sukarinsa, sai ya taho a guje ya tashi sama, riga ta baje kamar shaho, ya dira, sarƙa ko gezau. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce a baje tudun kafin a rasa rai.

Ishaƙ bai bari an taya shi ba. Shi kaɗai ya baje shi, yana yi yana hutawa, har hanya ta koma sumul. Daga nan ya ci gaba da fitowa kan tabarmarsa, amma muryar nan ta tafi. Yana tufka kansa a ƙasa. In keken ya zo wucewa ba ya ɗagowa, sai ya wuce ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Ya daina aiko a karɓar masa ƙosai. Matarsa ta ce mini tuwon dare ma sai ta yi da gaske.

Shi ma mai nasarar ban ga ya yi ƙiba ba. Ya daina tashi sama tunda babu abin hawa, ya koma wucewa a hankali, wani lokaci har keken na layi don rashin gudu. Wata rana da yamma ya tsaya a zaurena wai yana neman ruwa. Ya sha, ya yi ta juya kofin.

"Rakiyya, wancan mutumin, man zafin nasa ya ƙare ne? Na ga kamar yana ɗingishi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni ba sarƙa ba ce, Yaya. Na gaji. Girma kake so, ga shi nan ka samu, kowa ya yarda ba ka gaishe shi ba. Je ka dafa shi ka ci. Shi kuma wancan da ya kwashe damina da rani yana tara ƙasa da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, kana tsammanin don acaɓa yake yi?"

Ya ajiye kofin ya fita, ko sallama babu.

Washegari masu sayen ƙosai sun cika, ga 'yan acaɓa suna jiran fasinja a gindin katanga. Ya taho a hankali. Hanya shimfiɗe, ko tsakuwa babu. Daidai tabarmar Ishaƙ sai ya ja birki ya sauka, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kai, wannan sarƙa! Ta sake!"

Kowa ya duba. Sarƙa na nan zaune a kan haƙoranta lafiya lau.

Ya tsuguna ya ba mu baya, ya sa yatsa ya ja ta gefe don ta zube. Ta ƙi. Ya ja da hannu biyu, bakin ƙarfen nan na Yazid ya tare ta. Ya cire takalmi ya doke ta, ya samo kara ya zura, karan ya karye. Ya juya feda baya yana tura ta da dunduniya, tana tafiya sumul tana ɗan sheƙi kamar tana yi masa dariya. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, cirewa kake son yi ko sawa?" Wani ya ce a kira Siddiq da guduma. Mutane suka fara ƙyaƙyatawa, ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa, tausayinsa ya kama ni kamar in je in rufe shi da mayafina.

Ishaƙ bai ɗago ba. Da wata 'yar murya da ban san shi da ita ba ya ce, "Sarƙarka lafiyarta ƙalau, Sha'aibu. Hau ka tafi, rana na yi."

Yaya Sha'aibu ya daina ja. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ba tudu, ba sarƙa, ba abin da zai ce shi ya tsugunar da shi, kuma gari duk yana kallo. Sai ya saki keken ya faɗi gefe, ya juyo a tsugunen, ya fuskanci tabarma.

"Ina kwana, Yaya."

Dariya ta ɗauke. Ni dai na san ina kuka, ƙosai na ƙonewa a kasko ban kula ba. Duk muka juya ga Ishaƙ muna jiran muryar da ta amsa gaisuwar ƙarya har ana ji a bayan gari. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, babu abin da ya fito. Sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ja jikinsa gefe da ƙyar, ya bar masa rabin tabarmar.